Ƙafar gaban Land Cruiser 80 tana zubar da mai tana ƙara: gyara, canji, ko ƙarin ƙarfi?

"Assalamu alaikum. Ina da Land Cruiser 80 mai injin dizal 1HZ, wadda ake kulle hob ɗinta da hannu. Da ita nake shiga gona, da rani yashi, da damina kuma sai na tsallaka rafi biyu kafin in isa. Wata uku ke nan ƙafar gaba ta dama tana zubar da wani baƙin abu mai kauri ta bayan taya. In na sa fowil na karya kwana sai in ji ƙas-ƙas-ƙas. A kwalta kuma in gudu ya kai wajen 80 na faɗa rami, sitiyari ya dinga rawa ke nan sai na rage gudu. Makanikena ya ce a sauke aksil ɗin gaba ɗungurungum a sa na Beljiyam. Wani abokina kuma ya ce in sa shaf masu ƙarfi na waje, da loka, da taya inci 35. Wanne zan bi?"

Wa alaikumus salam, Malam. Ciwo uku ka lissafa: zubar mai, ƙara a kwana, da rawar sitiyari. An ba ka shawara biyu, ni kuma ta uku zan ba ka. A buɗe ƙafafun biyu, dama da hagu, a yi musu cikakken gyara da kaya na gaske, a auna ɗaurin komai kamar yadda kamfani ya tsara, sannan ka hau motar wata ɗaya ka ga abin da ya rage. Mafi yawan irin motarka da suka shigo garejina da waɗannan alamu, a nan maganarsu ta ƙare. Amma bari in yi maka bayanin dalili, don in kun zauna da makanikenka ku yi magana ta fahimta.

Yadda ƙafar take daga ciki

Toyota ta ƙera 80 daga 1990 zuwa 1997, kuma aksil ɗinta na gaba ƙarfe ɗaya ne miƙaƙƙe daga wannan taya zuwa waccan, irin tsarin da ke jikin Land Cruiser 70 da 105. Tukunyar da kirawun da finiyon suke ciki, wato giyoyi biyu masu haƙora da ke miƙa juyin inji zuwa shaf ɗin tayoyi, ta karkata ɓangaren dama, shi ya sa shaf na dama gajere ne, na hagu dogo. A kowane ƙarshe na aksil ɗin akwai ƙwallon ƙarfe mai rami kamar ƙwarya. Gwiwar da taya ke jikinta ita ta lulluɓe wannan ƙwallo, tana juyawa a kan boris biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, waɗanda muke ce wa boris ɗin kimfin. A cikin ƙwaryar ne kan shaf yake, wanda ake kira Birfield: ƙwallaye shida a cikin keji, su suke ba shaf damar ci gaba da juya taya ko da an karya sitiyari. Tsarin tsoho ne, wani injiniyan kamfanin Ford mai suna Alfred Rzeppa ya fito da shi tun shekarun 1920, sunan Birfield kuma na kamfanin Ingila ne da ya yi fice wajen ƙera shi.

Abin da nake so ka riƙe shi ne ɗaki biyu ne a wurin, kowanne da abincinsa. Tukunya da bututun aksil man giya suke sha. Gwiwa kuma giris take ci, mai kauri, irin mai moli. Abin da ya raba su zoben roba ne guda ɗaya, sil ɗin ciki, wanda faɗinsa bai wuce bakin ƙaramin kofin shayi ba. Ta bayan gwiwa kuma akwai wasu zobba na tsumma da roba da ƙarfe da ke shafar ƙwallon. Aikin waɗannan hana ƙura shiga da riƙe giris mai kauri, ba a yi su don riƙe mai ba.

Abin da ke zuba

Baƙin abin da kake gani man giya ne ya tsallako ya narkar da giris. Sil ɗin ciki ya mutu. Da zarar mai ya shiga gwiwa sai giris ya koma ruwa-ruwa, ya bi ta zobban baya ya fito, ya kwaso ƙura, ya taru a jikin gwiwa da cikin taya. Lakato kaɗan da yatsa ka shinshina. In ka ji warin nan mai hawa kai na man giya, magana ta tabbata. Ɗan danshin giris a jikin ƙwallon ba laifi ba ne, haka ake son sa. Wanda ke ɗiga ƙasa shi ne ciwo.

Ɓarnar ta fuska biyu ce. Birfield da boris ɗin kimfin sun rasa girisinsu, tukunya kuma tana rasa manta a hankali, alhali duk man da take ɗauka bai kai lita uku ba. Wata uku da ka ambata ba kaɗan ba ne. Yau ɗin nan, kafin ka sake tafiya mai nisa, a kwance notin cika mai na tukunyar a sa yatsa. Man ya kamata ya zo daidai bakin ramin.

Me ya kashe sil ɗin? Tsufa na ciki, amma a motar da ke tsallaka rafi, abin da na fi samu shi ne hancin numfashi. A saman aksil akwai ɗan bututu mai hula da ke fitar da iska in mai ya yi zafi. In laka ta toshe shi, iskar ba ta da mafita sai ta tura mai ta cikin sil. In kuma aksil yana da zafi ka tsunduma shi a ruwan rafi, iskar ciki ta tsuke, sai ya zuƙo ruwa ta duk inda ya samu kafa. Na taɓa zubar da man wata 80 da ta yi damina guda tana shiga fadama, abin da ya fito kamar koko da madara, fari-fari, ga tsatsa ta fara cin haƙoran kirawun. Mai motar sau biyu ana canja masa sil a wani wuri, ba wanda ya ɗaga kai ya dubi hancin. Da na cire shi na hura da baki, ko iska ba ta wuce ba. Dalili na biyu shi ne bakin sil yakan yi wa shaf zobe, wato ya ci ƙarfen ya bar ɗan kwari. In aka sa sabon sil a daidai wannan kwarin, ba ya daɗewa. Na uku, boris ɗin kimfin in sun saki, gwiwa na motsi, shaf na kaucewa daga tsakiya yana cin sil ta gefe ɗaya. Ka ga yadda ciwon farko da na uku suke da dangantaka.

Ƙarar kwana da rawar sitiyari

Ƙas-ƙas a kwana cikin fowil, wato lokacin da tayoyi huɗun duka ke ja, muryar Birfield ce. Ƙwallayen sun ci hanyarsu sun yi 'yan ramuka, in an karya sitiyari sai su dinga faɗawa suna fita. Wani lokaci rashin giris ne kawai, in an wanke an cika sabo sai ƙarar ta ragu ƙwarai. Ba a yanke hukunci sai an wanke shi tas da kananzir an duba. Ni farce nake bi da shi a kan hanyar ƙwallayen. In santsi ne kawai da ƙyalli, zai ƙara aiki. In farce ya maƙale a rami, ko na ga tsaga a keji ko da siririya ce kamar gashi, ya gama. Akwai dabarar da masu wannan mota suka daɗe suna yi, ta musanya Birfield na dama da na hagu don nauyin tafiya gaba ya koma kan fuskar da ba ta ci ba. Tana aiki in cin bai yi nisa ba, amma ban yarda a yi ta ga mai tsagaggen keji ba.

Rawar sitiyari ita ce ta fi tayar min da hankali a cikin ukun, domin ita ke iya kai mutum ƙasa. Ga gwajin da za ku yi da makanikenka cikin minti goma. A ɗaga ƙafar da jak a sa mata wakili mai ƙarfi, a kama taya sama da ƙasa a girgiza. In akwai motsi, wani ya taka birki a sake girgizawa. Motsin ya ɓace, boris ɗin hob, wato cibiyar da taya ke ɗaure a kai, su ne suka saki. Motsin yana nan, na kimfin ne. Sannan a kama tayar ta gefe da gefe, wannan zai nuna kawunan tayarod. A sauke motar ƙasa, wani ya dinga kaɗa sitiyari hagu da dama kaɗan-kaɗan, kai kuma ka kwanta ka zuba ido a kan bushin ɗin sandar nan da ta gitta daga shasi zuwa aksil, wadda ke hana aksil zamewa gefe. In ka ga tana motsi a mazauninta kafin taya ta motsa, ka samo babban mai laifi. Kada a manta da balans ɗin taya da rim da ya lanƙwashe.

Sai wani wuri da nake roƙonka ka duba da idonka. A 80, hannun sitiyari a ƙasan gwiwa yake, an ɗaure shi da kusoshi huɗu masu washa mai siffar mazurari. Suna saki, musamman na dama, kuma in suka saki suna karyewa. Ranar da suka karye duka, taya ta rabu da sitiyari ke nan. Ɗaurinsu 96 ne a ma'aunin Nm. In ka ga ɗaya babu, ko ka ga tsatsa ja-ja tana fitowa daga gindin noti, kada motar ta hau kwalta sai an gyara. Kuma kada wani ya sayar maka da sabon shokozoban sitiyari a matsayin maganin rawa. Ɓoye ta yake yi na ɗan lokaci, sakin yana nan yana ƙaruwa.

Aikin kansa

Kayan da za ka saya ana haɗa su a saiti ɗaya: sil ɗin ciki, zobban baya, boris ɗin kimfin huɗu, gasket, sil ɗin hob, washar kulle noti, da shim. Ka ƙara da boris ɗin hob in nasu sun ci. A nan kada ka yi tsumulmula. Boris na Koyo ko Timken ko na kwalin Toyota, sil ɗin ciki kuma na Toyota. Jabu sun cika kasuwa har da kwali mai kama da na asali, don haka ka tafi wurin wanda ka sani, wanda in kaya ya ba da matsala za ka iya komawa gare shi. Ka tafi da lambar shasi, domin Birfield na farko-farko ya bambanta da na bayan 1994 a tsawo, na motar da ke da birkin ABS ma daban yake da na marar shi. Sil na ƙarya kuɗinsa kaɗan ne, amma in ya mutu sai an sake wargaza ƙafar gaba ɗaya kafin a kai gare shi.

Wurin da aiki ke lalacewa a garejinmu wurin ɗauri ne da tsabta. Boris ɗin kimfin ba a ɗaure su da ji-da-hannu. Shim ake sawa a sama, siraran faranti, a ƙara ko a rage har nauyin juya gwiwar ya zo daidai. Ana auna shi da ɗan sikelin rataye irin na masu sayar da kifi: a maƙala ƙugiyarsa a ramin hannun sitiyari, kafin a sa zobban baya da tayarod, a ja a hankali. A 80 ana neman tsakanin kilo 2.5 da 4.5. Ƙasa da haka rawa za ta dawo, sama da haka boris zai ci kansa. Notin hob kuma soket mai lamba 54 yake so. In ka ga an ɗauko kurfi da guduma za a buga shi, ka tsayar da aikin. Noti nawa na cire duk gefensu ya tauye saboda wannan, kuma wanda ya ɗaure da kurfi ba shi da hanyar sanin ko ya matse boris ko ya bar shi a sake.

Sil ɗin ciki a shigar da shi a miƙe da abin bugawa mai faɗin bakinsa, a shafa wa leɓensa giris, in shaf yana da kwari a ɗan sauya zurfin zamansa don leɓen ya sauka a lafiyayyen wuri. Lokacin zura shaf, musamman dogon na hagu, a tallafe shi kada nauyinsa ya kwanta a kan sabon sil ya yage shi. Na ga an kashe sil tun kafin mota ta bar gareji ta wannan hanyar. A duba bushin tagullan da ke cikin bututun da hob ke zama a kai, shi ke riƙe wuyan Birfield. Giris iri biyu ne: mai moli, baƙi-baƙin nan, na Birfield da cikin gwiwa, a cika kamar kashi uku cikin huɗu, boris ɗin hob kuma girisin boris na yau da kullum. Man tukunya GL-5, lamba 90 ko 80W-90. Kuma don Allah kada a baje kayan a ƙasa. A shimfiɗa buhu ko kwali, a rufe abin da aka wanke. Da iskar hunturu, Birfield da aka cika da giris aka ajiye a buɗe rabin awa ya riga ya kwashi yashin da zai ci shi.

Maganar aksil na Beljiyam

Makanikenka ba lallai ne yana neman cutarka ba, sau da yawa canjin ya fi masa sauƙi da sauri. Amma aksil ɗin da za a kawo shi ma ya kai shekara talatin ko kusa, sil ɗinsa da boris ɗinsa tsofaffi ne kamar naka, kuma ba ka san rayuwar da ya yi ba. Ka saya, ka kuma yi masa gyaran da kake gudu. Inda zan yarda da canji shi ne in bututun aksil ɗinka ya lanƙwashe, ko ƙwallon ya tsage ko ya yi ramukan tsatsa masu zurfi, ko mazaunin boris ya buɗe. Alamar lanƙwasa: ka tsaya gaban motar a wuri mai daidai, za ka ga kan tayoyin ya kwanto ciki, suna cinyewa ta gefen ciki, sil kuma yana mutuwa a kai a kai ko da an sa mai kyau.

In har canjin ya zama dole, ka kula da lissafin haƙora. Na 80 galibi yana kan 4.1, na 105 mai 1HZ kuma 4.3, ga shi kusoshin tayarsa biyar ne, naka shida. In gaba da baya suka saɓa, duk lokacin da ka sa fowil aksil biyun kokawa suke da juna, kuma ƙaramin giya mai raba juyi zuwa gaba da baya, ko kirawun, shi zai biya. A ƙirga haƙoran kirawun a raba da na finiyon kafin ka ba da kuɗi.

Ƙarin ƙarfin da abokinka yake faɗa

Shaf da Birfield na ƙarfen kuromoli, irin su Longfield da RCV na Amurka, da gaske sun fi na kamfani jure murɗa. An yi su ne don masu hawan duwatsu da manyan tayoyi. Sai dai ƙarfin da ya kasa karya Birfield ba ɓacewa yake ba, gaba yake wucewa. Kirawun na gaban 80 inci 8 ne, na baya inci 9.5, kuma an yanka haƙoran na gaba yadda ya fi ƙarfi a tafiya gaba, ya fi rauni a ribas. In Birfield ya karye a daji, za ka iya zare shi, ka buɗe hob, ka dawo gida da ƙafafun baya. In kirawun da finiyon suka zube, kuɗin ya ninka, kuma zaunar da sababbi aiki ne na ma'auni da haƙuri wanda ni kaina nake kai wa wanda ya ƙware a kansa shi kaɗai. Saboda haka ne ma nake hana direbobi fizgo motar da ta maƙale da ribas. Ka juya ka ja ta da gaba.

Taya inci 35 ita ce ke jawo buƙatar duk sauran. Motarka ta fito da taya wajen inci 31 zuwa 32. Daga 31 zuwa 35 ƙarin kusan kashi 13 cikin 100 ne a kan nauyin da shaf zai murɗa, ga nauyin tayar kanta a kan boris da kusoshi huɗun nan da birki. 1HZ inji ne mai haƙuri amma ba mai yawan ƙarfi ba, da 35 za ka ji motar ta mutu a hawa da lodi. Sannan sai ka ɗaga mota, in ka ɗaga kuma aksil yana ɗan juyawa a kan hannayensa, kwanciyar kimfin ta ragu, mota ta fara yawo a hanya, sai an sa bushin masu gyara wannan kwana. Kuma in ta fashe maka a ƙauye, 7.50R16 za ka samu a kasuwar da ke kusa, 35 sai birni. Ga aikin gona, in kana son ƙari, kada ka wuce 33.

Loka, wato na'urar da ke kulle tukunya don tayar dama da ta hagu su juya tare, tana da amfani a laka da inda taya ɗaya ke rataye a sama. Wasu 80 ma da ita suka fito daga kamfani, ka duba kusa da sitiyari ko akwai ɗan maɓallin murɗawa nata. In za ka sa, irin ta ARB ta Ostareliya mai aiki da iska ko mai lantarki, ka fara da baya. Ta gaba tana taurara sitiyari, kuma ita ce ke karya Birfield in an kulle ta an karya kwana an ba da wuta. Wanda duk ya ce a yi wa ƙananan giyoyin tukunyar gaba walda don su zama a kulle kullum, kada ka saurare shi. A yashi kuwa, rage iskar taya zuwa wajen 18 ko 20 a ma'aunin masu faci ya fi loka fitar da mota, in ka hau kwalta ka mayar.

Ƙarin da zan sa ka yi ba tare da jinkiri ba mai araha ne: a cire hancin numfashi na gaba da na baya, a sa dogon tiyo mai jure mai, a hau da shi can sama cikin ɗakin inji, a sa ɗan matacin fetur a bakinsa. Ga mai tsallaka rafi biyu kullum, wannan ya fi shaf na waje amfani nesa ba kusa ba. In kana yawan lodi a hanya mai gargada, ana iya yi wa bututun aksil ƙarin ƙarfe kusa da ƙwallayen, amma sai an wargaza shi, kuma mai waldan ya dinga yi kaɗan-kaɗan yana sauya gefe yana bari ya huce, in ba haka ba zafin da kansa zai lanƙwasa abin da ake so a ƙarfafa.

Ban ga motarka ba, kuma ƙara tana da yaudara: kuros ɗin farfela na gaba, wato mahaɗin sandar da ke kawo juyi zuwa tukunya, in ya bushe yakan yi irin wannan sauti, don haka a duba shi kafin a sayi Birfield. Bayan an gama aiki, in ka yi kamar kilomita 500, ka dawo a sake girgiza tayoyin a kuma bi kusoshi huɗun nan da sifanar auna ɗauri. Kada ka yi tafiya da fowil a busasshiyar kwalta, amma ka dinga kulle hob ɗin kana ɗan tafiya da su kamar kilomita 16 a wata ko da rani ne, don mai da giris su zagaya. A saman kowace gwiwa akwai ɗan noti mai kai murabba'i. Duk wata biyu ko uku ka kwance shi ka zura tsinke mai tsabta ka ga inda giris ya tsaya da kuma kaurinsa. Ƙarshen damina kuma a zubar da man tukunya a duba launinsa. In an buɗe ƙafar, ka turo min hoton Birfield ɗin bayan an wanke shi, da na wuyan shaf inda sil ke zama, zan gaya maka ko za su ƙara tafiya.